Ƙafar Keke Mai Yanka Iska: Ina Amfaninta Ga Matasan Lafiya?

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin hanyar Doma ko ta Shendam, a gefen garin Lafiya, ba zai rasa ganin mai keke ya ɗauro doya ko buhun riɗi a kariya ba, yana taka feda sannu a hankali ya nufi kasuwa. Baƙin keken nan mai birkin ƙarfe, wanda ƙafarsa ta ke inci 28, ya daɗe yana yi wa talakan Nijeriya hidima. Tun zamanin da a ke harhaɗa keken Raleigh a Kano, mallakarsa alama ce ta cewa magidanci ya tsaya da ƙafafunsa. In waya ta tsinke, ko ƙafa ta karkace, akwai mai gyara a gindin mangwaro. Zai kifa keken, ya juya ƙafar, ya kanne ido ɗaya yana duban inda ta ke layi, ya ɗaure wannan waya ya sassauta waccan, har ta miƙe. Kuɗin aikin kuwa bai taka kara ya karya ba.

Amma akwai wata irin ƙafar keke wadda da wuya mai gyaran nan ya taɓa kifa irinta a gabansa. Da zaren kabon a ke yin ta maimakon ƙarfe. Wata bakinta ya kai faɗin tafin hannu, wayoyinta 'yan kaɗan, wata kuwa ba ta da waya ko ɗaya, a rufe ta ke ruf kamar faifai. Masu tsadar cikinsu, ta gaba da ta baya kawai, sun fi sabon babur kuɗi. Ita ce ƙafar da gwanayen tseren keke na duniya su ke hawa, an kuwa ƙera ta ne saboda abu guda, watau ta ratsa iska ba tare da iskar ta riƙe ta ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mutumin Lafiya da wannan? Dalilai biyu ne. Na farko shi ne abin da ya faru a Faris cikin watan Agusta na 2024. Ese Lovina Ukpeseraye, 'yar Jihar Delta, ita ce ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke a wasannin Olamfik. An ba Nijeriya gurbi a tseren cikin fili a ƙurarren lokaci, alhali babu keken da ya cika ƙa'idar wannan tsere a hannunta, sai 'yan Jamus ne suka ara mata. Ta fito ta gode musu, maganar kuwa ta jawo surutu mai yawa a gida. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Dalili na biyu ya fi kusa da gida. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023, mutane da dama sun sake waiwayar keke. Samari kuma suna ganin hotunan gwanayen tsere a wayoyinsu na hannu, ga kekunan gwanjo masu siraran tayoyi suna shigowa kasuwanni. Yaron da tsere ya shiga ransa zai iya zaton asirin gudun yana cikin baƙar ƙafar nan mai faɗin baki, har ya sayar da amfanin gonar shekara guda don ya mallake ta. Kafin ya yi haka, ya kamata ya san abin da ta ke iya yi da wanda ba ta iyawa.

ISKA CE ABOKIYAR GABA

Abubuwa uku ne ke riƙe mai keke: nauyi in ana hawan tudu, gogayyar taya da ƙasa, da kuma iska. Mai tafiya sannu da kaya ya fi jin biyun farko. Amma iska tana da wani hali wanda sauran ba su da shi. In mutum ya ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin da iska ke tura shi baya ya kan ninku sau huɗu, ƙarfin da ƙafafunsa za su fitar don su rinjaye ta kuma ya ninku sau takwas. Wanda ya tashi daga kilomita 15 a awa zuwa 45, watau ninki uku, sai ya biya iska ninki 27 na abin da ya ke biyan ta da farko. Shi ya sa a gudun kilomita 40 a awa, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wahalar mai tsere ta ture iska ce, ko da kuwa ranar ko ganye ba ya motsi.

A cikin wannan wahala, jikin mahayin ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, wajen kashi uku cikin huɗu. Sauran na keken ne, ƙafafun kuma suna da rabonsu a ciki. Abin da ya sa maƙera suka sa wa ƙafa ido duk da ƙanƙantar rabonta shi ne, aiki biyu ta ke yi a lokaci guda, tana tafiya gaba kuma tana juyawa. Inda taya ta taɓa ƙasa, a tsaye ta ke na ƙiftawar ido. Cibiyar ƙafa tana tafiya daidai da gudun keken. Saman ƙafar kuwa yana ratsa iska da ninki biyu na gudun keken. Saboda haka in keke yana kilomita 45 a awa, saman tayarsa yana yin 90. Wayoyi 36 na keken gida, kowace tana dukan iska in ta zo sama, tamkar maburgi a cikin tukunyar miya.

Ba dukan gaba kaɗai ke rage gudu ba. Wanda ya taɓa lura da ruwan kogi a bayan dutse ya ga yadda ya ke murɗawa yana jujjuyawa. Haka iska ta ke yi in ta wuce taya mai gajeren rim, watau da'irar nan da taya ke zama a kanta. Sai ta rabu da jikin ƙafar, ta bar hargitsi a baya, hargitsin nan kuwa jan keken ya ke yi baya. Masuntan kogin Binuwai ba su sassaƙa kwalekwale da tsukakken gaba da tsukakken baya a banza ba. Siffar ita ke sa ruwa ya buɗe a hankali ya kuma rufe a hankali. Hikimar ƙafa mai yanka iska ke nan.

YADDA A KE ƘERA TA

Rim na keken tsere na yau da kullum zurfinsa milimita 20 zuwa 25 ne. Maƙera suka ƙara masa zurfi, ya koma 40 ko 50 ko 60, wani har 80 ko 90, yadda taya da rim za su haɗu su yi siffar kifi, iska ta bi jikinsu ta sulale. Zurfin nan yana kuma gajarta wayoyi. Aka rage yawansu zuwa 24 ko 20 ko ma 16, aka daina yin su zagayayyu, aka baje su kamar bakin wuƙa. Ƙarshen wannan tunani shi ne a kawar da waya baki ɗaya, a rufe ƙafar daga cibiya har baki, ita ce ƙafar faifai.

In da ƙarfe za a yi rim mai zurfin haka, nauyinsa zai cinye ribar. Shi ya sa aka koma ga zaren kabon, wanda a ke saƙawa kamar tufa, a jera shi hawa-hawa a cikin mazubi, a jiƙa shi da wani irin ƙaro, sa'an nan a gasa shi har ya sandare. Ga ƙarfi ga rashin nauyi, kuma yana karɓar kowace siffa aka so. Kamfanoni irin su HED, wanda Steve Hed ya kafa a Amurka a 1984, da Zipp da aka kafa a birnin Indiyanafolis a 1988, da Mavic na Faransa da Campagnolo na Italiya, sun yi suna a wannan sana'a. Suna gwada kayansu a ɗakin gwajin iska, watau wani dogon zaure mai katuwar fanka, inda a ke kafa ƙafa a kan ma'auni, a busa mata iska ta fuskoki dabam dabam, a auna yawan turin da ta sha.

Gwajin ya koya musu abin da ba su zata ba da farko. Da wuya iska ta zo wa mai keke gaba da gaba sosai, yawanci a karkace ta ke zuwa. Rim na farko masu tsinin ciki sun yi kyau in iska ta zo ta gaba, amma da ta karkata sai su riƙa fizgar kan keke. Daga wajen 2010 aka koma yin su da faɗi, cikinsu a dunƙule. Irin wannan, in iskar gefe ta zo masa daidai, har ɗan turi ya kan samu zuwa gaba, kamar jirgin ruwa mai filafili. Aka kuma gane cewa dole rim ya ɗan fi taya faɗi, in ba haka ba iska ta rabu da shi tun daga gaba, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

DAGA MOSER ZUWA LEMOND

Akwai wata tsohuwar gasa da a ke kira tseren awa guda. Mutum ɗaya ne zai shiga fili ya yi ta zagaye har minti 60, a auna nisan da ya ci. A 1972 Eddy Merckx na Beljiyam, wanda da yawa ke ɗauka ba a taɓa yin kamarsa ba, ya ci kilomita 49.431 a birnin Meziko da keke mai wayoyi. An zaɓi birnin ne don yana kan tudu, fiye da mita 2,200 sama da teku, iskarsa ba ta da kauri. Shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni babu wanda ya kamo shi.

Ran 19 ga watan Janairu na 1984, wani Ba'italiye mai suna Francesco Moser, yana da shekara 32, ya fito a wannan birni da keke mai ƙafar faifai gaba da baya. Ya ci kilomita 50.808. Bayan kwana huɗu ya sake fitowa ya ci 51.151. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa an yi masa ƙarin jini, abin da doka ba ta hana ba a lokacin, saboda haka ba za a jingina nasarar duka ga ƙafar ba. Duk da haka tun daga ranar duniyar tsere ta san cewa ba a cinya kaɗai a ke cin gasa ba, har da maƙera.

Hukumar tseren keke ta duniya, watau UCI, mai hedkwata a garin Aigle na ƙasar Suwizalan, ta daɗe tana kai da kawowa a kan wannan al'amari, don tsoron kada gasar ta koma ta masu kuɗi. A shekara ta 2000 ta ware nasarorin da aka samu da sababbin dabaru, ta mayar da na Merckx a matsayin ma'auni, sa'an nan a 2014 ta sassauta. Ran 8 ga watan Oktoba na 2022, Filippo Ganna na Italiya ya ci kilomita 56.792 a garin Grenchen, watau kusan nisan Lafiya zuwa Akwanga cikin awa ɗaya.

Amma labarin da ya fi dacewa matashi ya riƙe shi ne na 1989. Ran 23 ga watan Yuli, ranar ƙarshe ta babban tseren zagaya Faransa, Laurent Fignon ɗan ƙasar yana gaban Greg LeMond na Amurka da sakan 50. Abin da ya rage kilomita 24.5 ne daga Versailles zuwa Faris, kuma tseren agogo ne, watau kowa shi kaɗai zai tashi a auna lokacinsa. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Fignon ya fito da faifai biyu, kansa babu hula, gashinsa yana kaɗawa. LeMond ya sa faifai a baya kawai, amma ya sa hula mai tsinin ƙeya, ya kuma ɗaura wasu sanduna a kan keken waɗanda ya aro daga 'yan gasar wasanni uku, ya kwantar da gwiwoyin hannunsa a kai, ya tsuke ƙirjinsa. Ya fi Fignon da sakan 58 a ranar, ya ci gasar mako uku da sakan 8 kacal, tazara mafi ƙanƙanta a tarihinta. Wanda ya fi yawan faifai shi ya sha kaye, wanda ya gyara zaman jikinsa shi ya ci.

GASAR WASANNI UKU

Gasar da LeMond ya aro wa dabara ita ce tirayatulon, inda mutum ɗaya zai yi ninƙaya, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu, ba hutu a tsakani. An fara ta a siffarta ta yanzu a San Diyego ta Amurka a 1974. A watan Fabrairu na 1978 aka yi mai tsananin, wadda a ke kira Ironman, a tsibirin Oahu na Hawai: ninƙayar kilomita 3.86, keke kilomita 180, watau kusan tafiyar Lafiya zuwa Abuja, sa'an nan gudun kilomita 42.195. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kai. Ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekara ta 2000 da gajeren zango: ninƙayar kilomita 1.5, keke 40, gudu 10.

'Yan wannan gasa su ne manyan masu sayen ƙafa mai yanka iska, dalili kuwa yana cikin dokarsu. A tseren keke na taro, mahaya su kan laɓe a bayan juna, na gaba yana buɗe iska, na bayansa yana samun sauƙin kusan kashi 30 cikin ɗari. A doguwar tirayatulon an hana wannan laɓewa, kowa da iskarsa zai yi fama har kilomita 180. Ƙarfin da ƙafar ta rage masa shi zai ajiye wa gudun da ke jiransa.

Amma ko a can an san iyakarta. A babbar gasar Ironman ta garin Kona, inda aka mayar da ita tun 1981, an hana sa ƙafar faifai saboda iskar gefe mai ƙarfi da ke kaɗawa a hanyar. Iska dai tana wahalar da mai kayan kara. Ƙafar gaba ita ta fi haɗari, tun da ita ke juya keke, shi ya sa yawanci a ke sa faifai a baya, a sa mai matsakaicin zurfi a gaba. Da Wout van Aert na Beljiyam ya fito da faifai biyu a tseren agogo na Olamfik a Faris a 2024, har ya zo na uku, sai da masana suka yi ta magana, don abu ne da aka daɗe ba a gani a kan titi ba. A tseren taro kuwa UCI ba ta yarda da faifai ba sam, ta ce kada wayoyi su gaza 12, kuma daga farkon 2026 ta ƙayyade kada zurfin rim ya wuce milimita 65.

A KAN HANYOYIN NASARAWA

To, in aka kawo wannan ƙafa Jihar Nasarawa, me za ta tarar? Ta fuskar hanya, jihar ba ta rasa abin nunawa ba. An mayar da titin Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya har Makurɗi tagwaye. Daga Lafiya zuwa kudu, wajen kwarin Binuwai, ƙasar ba ta da manyan tuddai, irin inda ƙafa mai zurfi ta ke nuna amfaninta ke nan. Daga arewa kuma akwai tsaunukan Eggon, inda gudu ke raguwa a hawa, nauyi ya fi iska muhimmanci, ƙafa mara nauyi ta fi dacewa.

Sai dai titin ba na keke kaɗai ba ne. Babbar hanya ce ta tireloli da tankokin mai masu kai da kawowa tsakanin arewa da kudu. Duk mai keke ya san yadda iskar babbar mota ke ture shi in ta zo wucewa, sa'an nan ta zuƙe shi bayan ta wuce. Mai ƙafar gaba ta milimita 80 zai ji wannan fizga fiye da kowa, yaro mara nauyi kuwa tana iya jefa shi cikin titi. Haka nan iskar hunturu, da guguwar da ke gabatar hadari a farkon damina.

Abu na biyu shi ne rami. Rim na ƙarfe in ya faɗa rami lanƙwashewa ya ke yi, mai gyara ya bubbuga shi ya miƙe. Na kabon ba ya lanƙwasa, tsagewa ya ke yi, wani lokaci tsagar tana ciki inda ido ba ya gani, sai ranar da a ke tsakiyar gudu ya watse. Wannan shi ne haɗarin sayen na gwanjo, don mai saye bai san irin faɗuwar da ya sha a hannun mai shi na farko ba. Akwai kuma na jabu da a ke tallatawa ta intanet da sunayen manyan kamfanoni, a farashin da ya isa ya sa mai hankali ya yi shakka.

Na uku birki. Tsofaffin ƙafafun kabon, waɗanda robar birki ke matse bakinsu, ba su kamawa sosai in ruwa ya jiƙa su, kuma a doguwar gangara zafin birki yana iya lalata ƙaron da ya riƙe zaren. Robar birkinsu ma dabam ce. Sababbin kekuna sun koma birkin da ke kama wani ɗan faranti a cibiya, wanda UCI ta halatta a tseren titi a 2018, amma irin wannan ƙafa ba ta shiga tsohon keke.

Na huɗu kuɗi. Ƙafafu biyu na kamfanin da aka sani su kan kama daga dala 1,000 zuwa 3,000 ko fiye. Abin da su ke saya wa mahayi a tseren kilomita 40 kuwa bai cika wuce minti ɗaya ko biyu ba. Ga gwanin da ke neman lambar zinariya, inda sakan 8 ke raba nasara da kaye, minti ɗaya dukiya ce. Ga yaron da na gaba ya ba shi ratar minti 20, ƙafar ba za ta canja masa matsayi ba.

INDA YA KAMATA A FARA

Tun da jiki ne ke ɗaukar mafi yawan iska, a nan gyara ya fi araha. Mahayin da ya koyi sunkuyawa, ya lanƙwasa hannuwa, ya saukar da kai daidai da kafaɗa, ya sami ribar da ta fi ta ƙafar dala dubu, bai kashe ko kwabo ba. Rigar da ke kaɗawa tana kama iska kamar buhu, matsattsiya ta fi. Taya mai kyau ma tana da tasiri, kuma gwaji ya nuna cewa a kan hanya mai gargada, taya mai ɗan faɗi, milimita 28 ko 30, wadda ba a cika ta da iska ta yi tauri kamar dutse ba, ta fi siririya gudu. Wanke sarƙa da sa mata mai, da daidaita tsawon sirdi, da koyon tafiya a jere a bayan juna, duk suna gaban sayen ƙafa. Gaban kome kuwa hular kwano ce, don kai ba shi da gwanjo.

Sauran aikin na hukuma ne. Ƙasashen Afirka da suka yi suna a tseren keke da yawan gasa suka fara. Burkina Faso tana yin tseren zagaya ƙasarta tun 1987. A Ruwanda, wasu daga cikin gwanayen sun fito ne daga sana'ar ɗaukar fasinja da kaya a keke, kuma a watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar duniya ta tseren titi, karo na farko a Afirka. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a tseren zagaya Faransa na 2024, ya kuma tafi da koriyar riga. Yaron da ke kawo doya kasuwar Lafiya tun asuba yana da irin cinyar da aka gina waɗannan nasarori a kanta, abin da ya rage shi ne a auna shi da agogo.

Yin haka ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ma'aikatar wasanni ta jiha da makarantu, irin su Jami'ar Tarayya ta Lafiya, suna iya shirya tseren agogo na kilomita 10 a hanyar da aka rufe da taimakon jami'an kiyaye haɗurra, a ware rukunin keken gida da na keken tsere, a rubuta lokacin kowa a ajiye. Wanda lokacinsa ya yi fice a kai shi Abuja, inda akwai filin tseren keke da aka gina don wasannin Afirka na 2003, wanda ya karɓi gasar Afirka ta tseren cikin fili a 2022. A wannan mataki ne ƙafa mai yanka iska ta ke zama wajibi, kuma a nan ne ya kamata jiha ta sayi 'yan kaɗan na ƙwarai, su zama mallakarta, a riƙa ba wa waɗanda suka cancanta a ranar gasa, musamman masu wakiltarta a bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. A kuma zaɓi wasu daga cikin masu gyaran keke a koya musu duba ta da ɗaure wayoyinta, don wanda ya iya miƙar da ƙafa mai waya 36 da ido ɗaya ba zai kasa mai 20 ba in an nuna masa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasannin Olamfik na gaba a Los Anjalis za a yi su, a 2028. In an auna yara tun yanzu, aka tanadi kaya tun kafin a buƙace su, watakila wanda zai ɗaga tutar Nijeriya nan gaba ya fito daga hanyar Doma, a kan keken ƙasarsa.